AWON KARATUN YARA NA ƘASA: DON ME AKE SO KOWACE MAKARANTA DA AKA ZAƁA TA SHIGA?

An shirya wannan bayani ne domin iyayen yara da malaman makaranta da masu unguwanni, da dukan wanda ya damu da ilmin 'ya'yan ƙasar nan. Lokaci lokaci Gwamnatin Tarayya takan aika da ma'aikata zuwa waɗansu makarantu a kowace jiha, su zaunar da yaran aji ɗaya ko biyu, su ba su takardun tambayoyi kan karatu da rubutu da lissafi, su tattara takardun su tafi da su. Mutane da yawa ba su san dalilin wannan aiki ba. Waɗansu suna zaton jarrabawar shiga sakandare ce, waɗansu kuwa suna tsammanin an zo kama laifin malamai ne. Sabo da wannan rashin fahimta akan sami makarantar da aka zaɓa amma ba ta shiga ba, ko kuwa ta shiga amma rabin yaran ajin suna gida ran da aka zo. Za mu ɗauki unguwar Yindiski ta garin Potiskum a Jihar Yobe mu yi misali da ita, amma abin da za a faɗa ya shafi kowace unguwa da kowane ƙauye daga Sakkwato har Fatakwal.

Awo daban, jarrabawa daban

Jarrabawar da kowa ya sani ita ce irin wadda hukumar WAEC take yi tun bayan kafa ta a 1952, da wadda hukumar NECO take yi tun bayan kafa ta a 1999. A cikin irin wannan jarrabawa ana biyan kuɗin rajista, kowane ɗalibi yana da lambarsa, sakamako ya fito da sunansa, in ya ci a ba shi takardar shaida ya nemi aiki ko ƙarin ilmi da ita.

Awon karatu na ƙasa ba haka yake ba. Ba a biyan ko kwabo. Babu yaron da zai ci, babu wanda zai faɗi, ba a ba kowa takardar shaida, ba a kuma mai da yaro baya ko a ciyar da shi gaba sabo da abin da ya rubuta. Abin da ake aunawa shi ne aikin ilmin ƙasar baki ɗayansa: shin yaron da ya yi shekara huɗu a firamare yana iya karanta ɗan gajeren labari ya gane abin da ake nufi? Yana iya haɗa kuɗin cefane ya san canjin da za a ba shi? Wace jiha ce ke gaba, wace ce aka bari a baya, kuma mene ne sanadi? Akan haɗa da waɗansu takardun tambayoyi ga hedimasta da malamin aji, har da iyaye, domin a san yawan yaran da ke cikin aji, da littattafan da suke da su, da irin horon da malaminsu ya samu.

Yadda aka faro

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara suka yi ta tururuwa zuwa makarantu fiye da yadda aka yi tsammani. A waɗannan shekaru abin da aka fi mai da hankali a kansa shi ne ƙidaya: yara nawa aka ɗauka, azuzuwa nawa aka gina, malamai nawa aka horar. Tambayar ko yaran suna koyon wani abu ba ta sami amsa sosai ba sai bayan shekaru ashirin.

A 1996 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta auna yaran aji huɗu na firamare a duk faɗin ƙasar. Sakamakon ya tayar da hankalin masu kula da ilmi ƙwarai. A cikin maki 100, matsakaicin abin da yaran suka samu a karatu da rubutu bai wuce kimanin 25 ba, a lissafi kuwa kimanin 32. Ma'aikatar ta sake irin wannan awo a 2003 da 2011. Bayan da aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a ƙarshen Satumba na 1999, hukumar da ke kula da shirin, watau UBEC, ita ma ta riƙa yin nata awon a azuzuwan firamare da na ƙaramar sakandare, daga ciki akwai na 2017 da na 2022. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa suna shiga wani awo da ake kira PASEC tare da waɗansu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, sun shiga na 2014 sun kuma shiga na 2019.

Ba kowace makaranta ake zuwa ba

Makarantun firamare na ƙasar nan dubbai ne masu yawa, ba shi yiwuwa a je kowace ɗaya. Sabo da haka samfur ake ɗauka. Wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Potiskum ya san yadda abin yake. Mai sayen buhu ɗari na gero ba ya zazzage su duka. Yakan zaɓi kaɗan daga ciki, ya soka ƙarfe ya zaro ƙwayar daga tsakiyar buhun, ya murza ta a tafin hannu. Amma fa ba ya yarda mai kaya ya nuna masa buhun da zai duba, ba ya kuma yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san can ake zuba mai kyau.

Haka nan ake yi wa makarantu. Ana ɗauko jerin sunayen makarantun jiha, a rarraba su, na birni da na ƙauye, na gwamnati da na masu zaman kansu, sa'an nan a fid da waɗanda za a je ta hanyar ƙuri'a. A cikin makarantar da aka zaɓa ma, daga rajistar aji ake fid da sunayen yara, ba malami ne zai nuna su da hannu ba. Ma'anar wannan ita ce, in ƙuri'a ta faɗa kan wata makaranta a Yindiski, to yaran nan ashirin ko talatin da za su zauna ba kansu kaɗai suke wakilta ba. Suna tsaye ne a madadin dubban yaran makarantu irin tasu da ba a je ba.

Lissafin waɗanda ba su zo ba

Nan ne ainihin maganar take, sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi. Alƙaluman da za a kawo a nan na misali ne kawai don a gane yadda abin ke aiki.

A ce an zaɓi makarantu 100 a wata jiha. 70 daga ciki suka shiga, yaransu suka sami matsakaicin maki 50. Sauran 30 ba su shiga ba. In da waɗannan 30 daidai suke da 'yan'uwansu a kowane fanni, da rashinsu bai yi wata ɓarna mai yawa ba. Amma ba haka abin yake kasancewa ba. Makarantar da ba a samu zuwa ba galibi ita ce wadda take nesa da hanyar mota, ko wadda ruwa ya yanke, ko wadda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa uku, ko wadda aka rufe don tsoro. Watau dalilin da ya hana ta shiga shi ne kuma dalilin da ya sa karatu ya yi rauni a cikinta. To, a ce da sun shiga, maki 20 yaransu za su samu. In aka haɗa duka ɗarin, matsakaicin jihar na gaskiya 41 ne. Amma rahoton da zai isa Abuja zai ce 50. An ƙara wa jihar maki tara da ba nata ba, kuma waɗanda za su biya kuɗin wannan ƙarin su ne yaran makarantun nan 30, domin mai raba littattafai da malamai zai duba takarda ya ga jihar ba ta cikin waɗanda suka fi bukata.

Akwai kuma ƙofa ta biyu inda yara ke zubewa. Makaranta tana iya shiga amma yaran da aka fid da sunayensu ba su zo ba. A ce makarantu 80 cikin 100 sun shiga, a kowace makaranta kuma yara uku cikin huɗu ne suka halarta. Mutum zai ce ai ba laifi, kowane ɓangare ya haura rabi da nisa. Amma in aka buga lissafin, yara 60 ne kacal aka auna cikin kowane 100 da aka yi niyya. Nan ma yaron da bai zo ba ba irin wanda ya zo ba ne. Shi ne wanda da ma yake yawan fashi, wanda ake tura shi kiwo ko gona, ko yarinyar da take fita talla da safe.

Sabo da haka duk wanda aka miƙa masa rahoton irin wannan awo, kafin ya dubi maki, ya kamata ya fara tambaya: makarantu nawa aka zaɓa, nawa suka shiga, yara nawa suka zauna? Rahoton da bai bayyana waɗannan ba, a riƙe shi da hattara.

Ƙa'idar da waɗansu ƙasashe suka sa

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, ƙasashe masu arziki ma suna fama da ita, har sun kafa mata doka mai tsanani. Akwai wani awo da ake kira PISA wanda aka fara a shekarar 2000, ana auna yara 'yan shekara 15 a ƙasashe masu yawa. Ƙa'idarsa ita ce makarantu 85 cikin kowace 100 da aka zaɓa su shiga, yara kuma 80 cikin 100. A awon 2000 makarantun ƙasar Holan da suka amsa kira sun yi kaɗan, sai aka ƙi jera sakamakonta tare da na sauran ƙasashe. A 2003 irin haka ta faru da Birtaniya. An kashe kuɗi, yara sun zauna sun rubuta, amma aka ce ba za a dogara da abin da ya fito ba. A Amurka, inda suke yin nasu awon na ƙasa tun 1969, in makarantun da suka shiga a wani rukuni ba su kai 70 cikin 100 ba, ba a buga sakamakon wannan rukuni, in kuma ba su kai 85 ba sai an yi bincike na musamman a ga ko rashin sauran ya karkatar da sakamakon.

Masu wannan aiki sukan tanadi makarantar madadi tun kafin a fara, watau wata makaranta mai kama da wadda aka zaɓa, da za a je in ta farko ta gagara. Wannan dabara tana rage ɓarna amma ba ta kawar da ita. Makarantar da ta buɗe ƙofa ta karɓi baƙi da wadda aka tarar a kulle ba su zama ɗaya ba, ko da girmansu ɗaya ne a takarda.

Abin da ya sami Potiskum

Mutanen Yindiski ba sai an gaya musu abin da ke rufe makaranta ba. Ran 6 ga Yuli na 2013 'yan bindiga suka kai hari makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe ɗalibai masu yawa, gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe makarantun sakandare har zuwa Satumba. A watan Fabrairu na 2014 aka kai wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi hari. Ran 10 ga Nuwamba na wannan shekara wani ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin ɗaliban makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum suna tsaye a taron safe, fiye da mutum 40 suka rasu. A Fabrairu na 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Uban da ya riƙe ɗansa a gida a waɗannan shekaru babu mai ganin laifinsa.

Amma a dubi abin da wannan ya jawo wa ƙidaya. A daidai lokacin da yaran arewa maso gabas suka fi kowa asarar karatu, a lokacin ne kuma ya fi wuya a je a auna su. Manyan binciken ƙasa da aka yi gida gida a shekarun baya sun bar waɗansu ƙananan hukumomin Jihar Borno ba a shiga ba sabo da rashin tsaro, masu binciken kuma sun faɗi haka a fili cikin rahotanninsu. Wannan gaskiya da suka faɗa abin yabo ce, sai dai mai karanta alƙaluman yakan manta da ita, ya ɗauka hoton jihar ne gaba ɗaya alhali na inda mota ta iya kaiwa ne.

Yanzu da ƙura ta lafa a Potiskum, makarantu suka cika har suka batse, gwamnatin Yobe kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi a 2019, abubuwan da ke rage yawan masu shiga sun koma na yau da kullum. Ran kasuwa yara da yawa suna bakin kara ko cikin 'yan hatsi suna neman na kansu. Da kaka ana roron wake da cirar gyaɗa. Akwai makarantun da jama'a suka buɗe da kansu, na boko da na Islamiyya, waɗanda ba su yi rajista da hukumar ilmi ba. Makarantar da sunanta ba ya cikin jeri, ƙuri'a ba ta da yadda za ta faɗa kanta, ko da yara dubu ne a ciki. Don haka ne cika takardun ƙidayar makarantu ta shekara shekara yake da muhimmanci fiye da yadda hedimastoci da yawa suke zato.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ya wajaba a ambata ko da ba ta da daɗin ji. Wani shugaban makaranta in ya ji baƙi na tafe, sai ya ce wa yaran da ba su da ƙoƙari su huta a gida, ko ya ɗauko haziƙai daga aji na gaba ya zaunar da su a kujerun waɗanda aka zaɓa. Yana ganin ya rufa wa makarantarsa asiri. Alhali ya yi abin da mai hatsi ke yi ne in ya zuba mai kyau a bakin buhu, sai dai a nan kansa ya cuta, domin ya shaida wa gwamnati da hannunsa cewa makarantarsa ba ta bukatar kome. Mai ɓoye ciwonsa ga likita ba ya samun magani.

Yaran da ba su cikin rajistar kowa

Ko da kowace makaranta ta shiga, kowane ɗalibi kuma ya zo, awon da ake yi a cikin aji ba ya ganin yaron da bai taɓa taka ajin ba. Ƙiyasin UNICEF ya nuna yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba su zuwa makarantar boko, mafi yawansu a arewa. A cikinsu akwai almajiran tsangaya, waɗanda suke da karatunsu na allo amma awon ba ya tambayarsa, da 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukumar ilmi tasu tun 1989, da 'yan matan da aka cire kafin su gama firamare. A 2023 aka yi dokar kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta.

Don a cike wannan giɓi ne ake bin gidaje. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi haka a 2010 da 2015, inda ma'aikata suka riƙa nuna wa yara ɗan rubutu da ɗan lissafi a tsakar gida. A 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF suka yi nasu, suka tarar cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya ne cikin huɗu yake da tushen karatu, haka nan a lissafi. In irin waɗannan ma'aikata suka yi sallama a ƙofar gida, tare da takardar shaidarsu da sanin mai unguwa, maigidan da ya ƙi fito da yaransa ya yi daidai da makarantar da ta kulle ƙofa.

Wata jarrabawa da ake bari tana wucewa

Ko da yake mun ce awo daban jarrabawa daban, akwai jarrabawa ɗaya ta ƙasa da rashin shigarta ke cutar yaranmu kai tsaye, watau ta shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, wadda NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida. Waɗannan kwalejoji sun haura ɗari, ɗaya daga cikinsu ta 'yan mata tana nan cikin Potiskum. Ana ware wa kowace jiha gurabenta. A 2018, sa'ad da ranar jarrabawa ta ƙarato, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar cewa yara 28 kaɗai aka yi wa rajista daga Jihar Zamfara, alhali Legas tana da fiye da 24,000. Gurbin da jiha ba ta kawo wanda zai zauna ba, babu yadda za a yi ɗanta ya cike shi.

Abin da ake bukata daga gare ku

Ku iyaye, in takarda ta zo daga makaranta cewa ran kaza za a yi awo, ku tabbata yaron ya je, ko da ran kasuwa ce, ya karya kumallo, ya tafi da fensirinsa. Kada ku tsorata shi, kada kuma ku biya kowa kuɗi da sunan wannan aiki. Wanda ya nemi kuɗi a kansa, a kai ƙararsa ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.

Ku shugabannin makarantu, ku miƙa rajistar aji yadda take, har da sunayen masu fashi, ku bar ma'aikatan su fid da waɗanda za su zauna. Yaron da bai zo ba a rubuta bai zo ba, a faɗi dalili in an sani, kada a sa wani a gurbinsa. In ranar da aka sa ta faɗa kan lokacin da kuka san yara ba su zuwa, ku sanar da ofishin ilmi tun da wuri don a duba yiwuwar sake rana.

Masu unguwanni da limamai da 'yan kwamitin kula da makaranta kuwa, aikinku shi ne shela a masallaci da coci da dandali kwana biyu ko uku kafin ranar, da kuma bincika ko kowace makarantar da ke unguwarku, ta gwamnati ko ta jama'a, sunanta yana cikin jerin da ke ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. In ba ya ciki, mai makarantar ya je da kansa ya nemi takardar rajista kafin ƙidayar makarantu mai zuwa.